"Ƙauyanci": kalma ɗaya da ta raba kan zauren tsofaffin ɗalibai

Ɗan Gwammaja: Salamu alaikum. Yau sai na amayar da abin da ke cina. Jiya na hau mota daga tashar Unguwa Uku zuwa Kaduna. Ko Kwanar Dangora ba mu kai ba, wanda ke gefena ya buɗe TikTok, ba abin kunne, ya ƙure ƙara. Direba ya kunna nasa kiɗan. Wani a baya yana cinikin masara a waya kamar mai kiran wanda ke tsallaken rafi. A Zariya na ce wa na gefena, "Malam, don Allah a ɗan rage." Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Wayarka ce?" Har dare kaina yana sara. Wallahi wannan ƙauyanci ya yi yawa. Ku yaya kuke jure irin wannan ba tare da kun yi faɗa ba?

Na Ƙauye: Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna. Wa ya ce maka mutumin ɗan ƙauye ne? A garinmu da an sallame isha'i ba ka jin komai sai kukan gyare. Janareto na wa ne? Hon ɗin Adaidaita Sahu na wa ne? Mai maganin basir da ke kafa lasifika a kan mota tun hantsi, a ƙauye yake? Ku yi hayaniyarku a birni, sannan ku laƙa mana suna.

Maman Biyu: Haba Yaya, ai ba mutanen ƙauye yake nufi ba. Ƙauyanci hali ne. Akwai wanda aka haifa a cikin ganuwa amma ya fi kowa ƙauyanci.

Na Ƙauye: To me ya sa ba a kira halin birnanci ba? Daga ina kalmar ta fito? Hatsin da kuke ci daga ina yake zuwa Dawanau?

Tela: Gaskiya ɗaya ce. Wanda ya saba magana a gona, ɗan'uwansa na can ƙarshen kunya, dole muryarsa ta buɗe. Ba zagi ba ne, sabo ne.

Na Ƙauye: Ka ji ko! Shi ma ya ƙara. Kai Tela, keken ɗinkinka da rediyonka da janaretonka, maƙwabtanka sun taɓa yin barcin rana a watan azumi?

Tela: Sana'ata ce, da ita nake ciyar da mutum tara. Kar ka sa sana'ata a bakinka.

Anti Nas: Jama'a, ku saurara, abin ya wuce batun suna. Hira ta yau da kullum tana kai wajen 60 a ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira decibel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen babba zai iya ɗaukar ma'auni 80 na awa 40 a mako, amma da an kai 90 sai lokacin ya dawo awa 4 kacal. Ta kuma yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne in suka mutu ba sa sake tsirowa. Ina ganin yara suna zuwa mana suna cewa kunnensu na yin "ziii" bayan biki, uwa ta goya jariri ta tsaya gaban sifika. Abin yana ci mini rai.

Na Ƙauye: Anti, bikin DJ ɗin a ƙauye aka ƙirƙiro shi?

Malam Ƙarami: Ba ƙauyanci ba ne, ba birnanci ba ne, ƙarancin tarbiyya ne. A Suratu Luƙman, aya ta 19, an umarci mutum ya sassauta muryarsa, aka ce mafi munin sautuka shi ne sautin jakuna. Wannan ya ishe mu.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, tunda ka kawo aya, bari in faɗi wadda kowa ke tsoro. Masallacin layinmu sahu biyu ne, amma lasifika huɗu ne a sama, ana karatu har sha ɗayan dare. Mahaifiyata na fama da hawan jini. A 2021 Saudiyya da kanta ta umarci masallatai su taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, kuma kar ƙarar ta wuce kashi ɗaya cikin uku.

Malam Ƙarami: Subhanallah. Duk kiɗan da ke garin nan bai dame ka ba sai karatu?

Injiniya: Ban ce kiɗa bai dame ni ba. Kar ka ɗora mini abin da ban faɗa ba.

Tela: Dama mun san inda Injiniya ya dosa tun muna aji uku.

Maman Biyu: Tela, ka janye wannan. Mutum ya ce mahaifiyarsa ba ta da lafiya.

Injiniya: Doka ma akwai ta. Hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, tana da ƙa'idojin hayaniya tun 2009. A Legas har rufe coci da masallaci da gidan rawa ake yi a kan ƙara.

Na Ƙauye: To Legas ƙauye ce?

Ɗan Gwammaja: Ni fa tambayata ɗaya ce, yaya zan jure? Sau biyu a wata nake bin hanyar nan.

Anti Nas: Ƙanena, ka sayi abin toshe kunne na roba a kemis, ka riƙa ɗaukar kujerar da ke nesa da sifika. In za ka yi magana, ka yi wa direba tun a tasha kafin mota ta tashi, ya fi jin nauyinka a lokacin.

Na Ƙauye: Kafin ya toshe kunne, ya fara janye kalmar.

Ɗan Gwammaja: Ba zan janye ba. Kakana ma daga ƙauye ya zo, ban zagi kowa ba.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Na bi maganganun daga farko. Abin da na fahimta, galibinmu mun yarda kalmar ƙauyanci ba ta dace ba, kuma Na Ƙauye ya kawo hujjojin da ba wanda ya iya ture su: janareto, hon, DJ, duk kayan birni ne. Ni kaina a ƙauye na tashi har na gama firamare, ban san ciwon kan hayaniya ba sai da na shigo Kano. Batun masallaci ba wurinsa ba ne nan, Injiniya ya samu limaminsu su yi magana. Ɗan Gwammaja, muna jiran ka ba 'yan'uwa haƙuri kafin magariba. Wanda ya sake tayar da zancen zan cire shi na kwana biyu.