Muhawara: dawowar baƙin yawon buɗe ido za ta amfani talakan Marwa, a arewacin Kamaru, kuwa?

Alhaji Hamadu: Assalamu alaikum. Masu cewa dawowar Turawa za ta tada Marwa suna cika wa miya gishiri. Ko kafin Fabrairun 2013, lokacin da aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga bayan sun fito daga gandun namun daji na Waza, Marwa zango ce kawai. Baƙo ya sauka a filin jirgin Salak, ya kwana ɗaya, gari na wayewa mota ta kwashe shi sai Rumsiki ko Waza. Kuɗin tafiyar tun a Yawunde ko Faransa ya biya su. Me ya rage wa gari ban da shara?

Hajiya Asta: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka tsallake dukawa da majema. Jaka ɗaya da aka sayar a kasuwar masu sana'ar hannu ta ratsa hannun mahauci, majemi, mai bagaruwa, marini da baduku. Da baƙi suka ɗauke ƙafa, dukkansu sun ji a jika. Abin da ke ɓata cinikin dai biyu ne. La'adar ɗan jagora da ake ɗorawa a ɓoye, sai baduku ya rage ingancin fata don ya fita. Sai kuma gaggawar jima: in ba a kankare nama sarai ba, ko aka cire fata daga ruwan bagaruwa bai ratsa ta ba, a nan ba za a gane ba saboda iskarmu busasshiya ce. Tana isa ƙasa mai laima sai wari da fumfuna. Wanda ya saya ba ya komowa, kuma zai faɗa wa goma.

Malam Bello: Ni ruwa ne damuwata. Baƙi suna zuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wasu har Afrilu don ganin namun daji a bakin tafki, daidai lokacin da Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa Marwa, ya zama yashi, mata na tona rami a cikinsa suna kwarfa. Ku yi lissafi da kanku. Shawa ta gama-gari tana zubar da kusan lita 10 a minti, wanka na minti 8 ya cinye jarka 4 masu lita 20 ke nan. Tafkin ninƙaya mai mita 10 da mita 5, idan rana ta shanye santimita 1 a yini, lita 500 ta tafi, jarka 25, ba wanda ya sha ko ya yi alwala. Otal ya haƙa burtsatse mai zurfi ya sa injin, rijiyoyin maƙwabta su ja baya.

Injiniya Sali: Malam, lissafinka daidai ne, amma duk abin da ka lissafa yana da magani, kuma ba mai tsada ba. A sa kan shawa mai lita 6 a minti. A rufe tafki da tamfol duk lokacin da ba kowa a ciki. Ruwan wanka da na wanki a raba bututunsa da na masai, ya bi ta ramin tsakuwa da yashi, a shayar da dalbejiya da shi. Inda ake kuskure shi ne haɗa ruwan kicin ba tare da akwatin tare maiƙo ba: maiƙon ya toshe yashin, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Hukumar gari ta sa waɗannan cikin sharuɗɗan ba da izini, ta maƙala mita a kowace burtsatsen otal.

Alhaji Hamadu: Wa zai duba? Tun 2014 Kamaru ta hana siraran ledoji, ga su nan sun cika magudanai, damina ta zo ruwa ya shiga gidaje.

Hajiya Asta: Wannan ledar tamu ce, Alhaji, ba baƙo ya zubar ba. Kuma me ya sa sai Bature ne baƙo? A Janairun 2022 da Najeriya ta buga wasanninta na gasar cin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya na Garwa, mutanen Yola sun cika Garwa. A unguwa suka ci abinci, babur suka hau, kilishi suka saya. Irin wannan baƙo kuɗinsa a gari yake kwana. Hawan sallar Lamiɗo, mutanen Njamena da ke shigowa ta Kusiri, iyayen ɗaliban jami'ar da aka buɗe a 2008, su ya kamata a fara yi wa tanadi.

Malam Bello: Na yarda da ke a nan. Sai dai a ja kunnen masu sayar da fatar kada da mesa: in ba takardar izini, a filin jirgi ake ƙwacewa, sunan kasuwar gaba ɗaya ya ɓaci.

Alhaji Hamadu: Baƙon maƙwabta na karɓa. Izinin sabon otal mai tafki kuwa ban yarda ba, sai an fara kai famfo unguwannin da har yau 'yan garuwa ke shayar da su.