Eskabeta na nuna SPN 157 FMI 18, ƙarfinta na mutuwa in ta ɗau lodi, sensa ce ko famfo?

Mai_Katafila ya rubuta:

Assalamu alaikum manyanmu. Dan Allah masu ilimin injin manyan motocin gini a taimaka min. Eskabetar da nake tuƙawa mai injin dizal ce common rail, wato irin wanda famfo ke tara mai da matsi a bututu ɗaya da ake kira rail kafin a raba wa silindoji, silinda shida, tana tashi lafiya lau da safe kuma in tana silo ba ka jin komai, amma da zarar na sa bokiti a ƙasa mai tauri ta ɗau lodi sai fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta kawo, injin ya yi sanyi kamar an riƙe shi, allo ya rubuta SPN 157 FMI 18. In na kashe na bar ta ta ɗan huta sai ta dawo daidai, can anjima kuma a koma gidan jiya. Akwai wata tsohuwar lamba ma a ciki SPN 97 amma ita ba ta kawo fitila yanzu. Makaniken da ya duba ya ce a sayi sabuwar sensa ta rail, in bai yi ba famfon mai ne. Oga kuma ya ce ba zai fitar da kuɗin famfo a kan "in bai yi ba" ba, aiki ya tsaya ni ake kallo. Ta ina za mu fara?

Injiniya_Dizal ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiyar oganka ce wallahi, kar a sayi komai tukuna. Lambar nan kashi biyu ce a tsarin J1939 da yawancin injunan yanzu ke amfani da shi, SPN na gaya maka wurin da kwamfutar injin ta ga matsala, FMI kuma na gaya maka wace iri ce, kuma mutane da yawa ta farkon kawai suke karantawa su ruga shago. 157 matsin mai ne a cikin rail, wannan haka ne. To amma 18 ma'anarta karatun da sensar ta kawo sahihi ne, matsin ne ya yi ƙasa da yadda ake so. Da waya ce ta tsinke ko ta haɗu da bodi ko sensar ta mutu, abin da za ka fi gani shi ne FMI 3, wutar sigina ta yi sama, ko FMI 4, ta yi ƙasa. In injinka Cummins ne za ka ga suna da tasu lambar, 559 ita ce wannan taka, 451 da 452 su ne na wayar sensa. Ka ga kenan sensar aikinta take yi, ta ce mai bai isa ba, sai a je a nemo dalilin da ya sa bai isa ba.

Kuma yadda ka ce sai ta ɗau lodi take yi, wannan ya dace da ƙarancin mai. A silo ɗan kaɗan injin ke sha, ko filta ta toshe rabi zai wuce, amma in ka danna bokiti ECM, wato kwamfutar injin, ya nemi matsi mai yawa famfon ya kasa samun abin da zai tura, sai kwamfuta ta rage ƙarfi da kanta.

Ni daga tanki nake farawa in nufo inji. Ka kwance kofin da ke ƙasan filtar farko, mai raba ruwa da mai, ka tsiyaye a kwalba mai haske ka ajiye ta zauna, in akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. SPN 97 ɗin da ka raina ai ruwa a cikin mai take nufi, kar ka goge ta ka manta, shaida ce. A canza filtocin duka biyu, kuma tsohuwar kar a jefar, a yanka ta a buɗe takardar ciki a rana, in baƙin datti ne mai yauƙi to tankin ke son wanki, in kuwa ka ga ɗan ƙyalli-ƙyalli na garin ƙarfe to nan hankali zai tashi don famfo ya fara cin kansa. Sannan a duba ragar da ke cikin tanki in akwai, da murfin tankin kansa, ƙaramar kafar iskar nan tasa in ta toshe da ƙura tankin na riƙe mai, za ka ji ya ja iska fuuu in ka buɗe bayan aiki. Wannan ma yana iya bayyana abin da ka ce na in ta huta sai ta dawo daidai.

Bakanike_Tsoho ya rubuta:

Injiniya ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Abin da zan ƙara shi ne iska. Tiyon da ke jan mai daga tanki yana iya tsagewa ko kilif ya saki kuma ba za ka ga yoyo ko ɗigo ɗaya ba saboda ɓangaren zuƙa ne, iska ce ke shiga ba mai ke fita ba. Ka sa guntun tiyo mai haske kafin famfo ka ba ta wuta ka zuba ido, in kumfa na wucewa ka kama ɓarawon. Wata hanyar kuma a ɗauko mai mai tsabta a jarka a ba injin kai tsaye ta filta, in ƙarfi ya dawo ka san matsalar tana tsakanin tanki da filta. Tsohon tiyo ma yakan lotse ta ciki alhali ta waje lafiya lau yake.

Amma ina roƙonku da Allah, kar wani ya ce zai sassauta bututun nozul, wato abin da ke fesa mai cikin silinda, inji na aiki wai yana gwada wace silinda ce, irin yadda muke yi wa tsofaffin injuna. Common rail na kai matsi sama da bar 1,500, man na huda fata ya shige nama, ramin ɗan ƙarami amma yana iya jawo a yanke hannu. A kashe, a jira matsin ya sauka, kuma kar a laluba yoyo da yatsa.

Wayarin_24V ya rubuta:

Ni fa ban yarda a wanke sensa daga zargi ɗari bisa ɗari ba tun yanzu. FMI 18 na nufin siginar tana cikin iyakar da ECM ke karɓa, amma soket mai tsatsa ko fil ɗin da ya saki na iya rage wutar kaɗan ya sa karatun ya yi ƙarya ba tare da ya faɗa 3 ko 4 ba, balle eskabeta da ke wuni tana jijjiga. Gwajin ba ya cin kuɗi, mita kawai. Irin sensar nan waya uku ce, volt 5 na shiga, ga ta ƙasa, ga sigina mai yawo tsakanin kusan 0.5 zuwa 4.5. Buɗe makulli kar ka tayar, bayan injin ya jima a kashe, ya kamata ka ga kusan rabin volt, kwamfuta kuma ta nuna matsi kusan sifili. Ka girgiza wayoyin kana kallon mitar. In lambar na tsalle to gyaran soket ne.

Injiniya_Dizal ya rubuta:

Na yarda Malam Wayarin, a yi wannan ma, minti kaɗan ne. In an gama duk na arha matsalar na nan to lokacin laftof ya yi, manhajar INSITE in Cummins ne, manhajar Cat ET in Caterpillar ce, kodayake su Caterpillar za ka iya tarar da tasu lambar mai suna CID maimakon SPN, a nemi littafin injin da lambar siriyal ɗinsa. A buɗe matsin da ECM ke nema da wanda ake samu gefe da gefe, kai kana haƙa shi yana kallo. In sun rabu a lodi alhali mai na isowa famfo lafiya, saura abu uku, bawul ɗin sakin matsi da ke jikin rail yana zubarwa, ko injektoci, wato su nozul, na mayar da mai da yawa tanki, ko bawul ɗin awon mai na famfo. Kowanne akwai gwajinsa na auna man da ke komawa, adadin yana cikin littafi don ya bambanta daga inji zuwa inji. Famfo shi ne na ƙarshe da za a zarga.

Mai_Katafila ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun tsiyaye kofin akwai ruwa sosai a ƙasan kwalbar, filtar da muka yanka baƙa ƙirin amma alhamdulillahi babu garin ƙarfe. Wayar sensa ta ba da rabin volt kuma ba ta motsa ba da muka girgiza. Mun sa sababbin filtoci ƙarfi ya ƙaru amma da rana fitilar ta sake leƙowa sau ɗaya, kuma akwai ƙananan kumfa a tiyo mai hasken. Gobe in sha Allahu za mu sauke man mu wanke tanki mu bi tiyon zuƙa kilif bayan kilif. Baba Bakanike, in mun canza tiyon sai mun goge lambar da laftof ko za ta koma tsohuwa da kanta?