Famicom ta 1983 tana ba da sauti, hoto ya ƙi fita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Aboabo, nan Kumasi. Tara tsofaffin na'urorin wasa ya zame mini jaraba, har uwargida ta ce ɗakin ya koma shagon gwanjo.

Kwanan nan na samo Famicom ta Nintendo, samfurin Japan na 1983, mai launin fari da ja. Cajarta ta 100V ce, wutarmu kuwa 230V, don haka na haɗa ta da taransifoma mai rage wuta. Ban kusantar da cajar NES ('yar'uwarta da aka yi wa kasuwar Amurka da Turai) ba, don ita wutar AC take fitarwa, Famicom kuwa DC take so, tana iya ƙona ta.

Ga inda na maƙale: wayar eriya kaɗai gare ta, tana aikawa a tashar Japan ta 1 ko 2, kuma tsarin hotonta NTSC ne, na talabijin ɗina kuwa PAL. Na bincike tashoshi kaf, sai yayyafi. Amma da na kunna rediyon FM wajen 95.7, inda sautin tashar Japan ta 1 ke faɗawa, na ji kiɗan wasan tangaram. Ke nan tana da rai.

In nemi tsohuwar talabijin mai karɓar kowane tsari ne, ko in sa a fitar mata da wayar AV, mai kai hoto da sauti kai tsaye ga talabijin? Ba na son a huda jikinta. Akwai mai gyara a Adum ko Kejetia da ya taɓa yin irin wannan aikin? Don Allah ku taimaka.