Robar ajiye tsoffin kwabbai: abin da na tattara

Bayan doguwar hirar da muka yi da masu tara tsoffin kuɗi, ga abin da kusan kowa ya yarda da shi. Robar nan mai laushi mai lanƙwasuwa kamar ledar katin shaida, yawanci PVC ce, kuma ita ce babbar matsala, saboda sinadarin da ake sa mata ta yi laushi yana tsattsafowa a hankali, zafi na ƙara masa gudu, bayan wasu shekaru sai ka ga wani kore-kore mai danƙo ya kwanta a kan kwabon, in aka bar shi har ƙarfen yake ci. Ni abin ya dame ni sosai, don anini da sisi da sule na kafin 1973 ba a ƙara buga su, in sun lalace shi ke nan.

Shawarar da ta fi yawa: a nemi roba mai tauri ta Mylar, ko ƙoƙon akirilik (roba mai tauri mai kama da gilashi) daidai girman kwabon. Mylar takan tsage in ana yawan lanƙwasa ta amma ba ta cin ƙarfe. Kwalin nan mai tagar leda da ake sa kwabo a ciki a rufe da sitefula shi ma lafiya, sai dai a danne ƙusar sitefula kar ta karce kwabon da ke kusa.

In koren ya riga ya fito, a jiƙa kwabon cikin asiton zalla (wani ruwan sinadari mai narkar da danƙon), banda gogewa, banda man goge ƙarfe na Brasso. A ajiye wuri mai sanyi da bushewa da silika jel (ƙwayoyin nan masu tsotse danshi), musamman da damina.