Fatin Kirsimeti na wurin aiki, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

Ummu_Sakatariya:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar ofis. A kamfaninmu mu wajen arba'in ne, bana ni aka ɗora wa haɗa fatin Kirsimeti na ƙarshen shekara, na zauna na lissafa kuɗin hol da abinci da mai kiɗa da motar da za ta mai da mutane gida, wallahi da na ga jimillar sai da na ajiye biro na riƙe kai, ya kusa albashin ƙananan ma'aikatanmu uku na wata guda. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tun watan Yuli aka ce mana ƙarin albashi sai baɗi saboda kasuwa ba ta tafiya, yanzu kuma manaja yana cewa in kasafin bai kai ba a yi karo-karo kowa ya kawo wani abu. Jiya mai sharar ofis ɗinmu ta tare ni a bakin matakala da tsintsiyarta a hannu, ta sassauta murya ta ce Anti wai da gaske dole ne kowa ya bayar? Na rasa me zan ce mata. To ni tambayata, fatin nan yana da wani amfani na gaske ne, ko in je in faɗa wa oga a raba wa mutane kuɗin kawai kowa ya san yadda zai yi da abinsa?

Dan_Lissafi:
Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Ni aikin akanta nake, bari in fara miki da dalilin da ya sa kamfanoni suka fi son fati a kan raba kuɗi, don mutane da yawa suna zaton rowa ce zalla alhali akwai lissafin haraji a ciki. Duk kuɗin da aka sa miki a hannu a matsayin bonas, a yawancin ƙasashe albashi ake ɗaukarsa, za a cire haraji kafin ya iso gare ki. Shi kuwa fati wasu ƙasashen sun yi masa rangwame. A Birtaniya hukumar haraji tana yafe har fam 150 a kan kowane mutum a shekara, da sharaɗin taron na shekara-shekara ne kuma ƙofa a buɗe take ga duk ma'aikata, kuma a cikin 150 ɗin ake lissafa har kuɗin mota da na masauki, in aka haura ko da fam ɗaya ne to gaba ɗayan kuɗin ake wa haraji ba rarar kaɗai ba. Jamus nasu yuro 110 ne, har taro biyu a shekara, su kuma rarar kawai ake taɓawa. Amurka ma da suka gyara dokar haraji a 2017 suka soke rangwamen nishaɗantar da kwastomomi, na taron ma'aikata sun bar shi. Sai ki duba yadda dokar ƙasar da kuke ta ce kafin ki shiga wurin oga.

Amma ki lura da sharaɗin nan na cewa kowa da kowa, shi ne asalin maganar. Fatin da kamfani ya kira, kamfani ne zai biya. Zancen karo-karo kam ban yarda da shi ba ko kaɗan, ta yaya za ka gayyaci mutum walima sannan ka miƙa masa rasit?

Sarkin_Aiki22:
Ni dai a ba ni kuɗina gaskiya. Shekara shida ina zuwa irin wannan fati, ranar Asabar da dare, ranar hutuna ce, ba obataim ba komai, ka nemi wanda zai zauna maka da yara, ka sayi kaya don kar a raina ka, ka je ka zauna kana murmushin dole a gaban mutumin da ya ƙi sa hannu a takardar hutunka. Wannan kuɗin da ma'aikaci ke kashewa daga aljihunsa ba wanda yake sa shi a kasafi. Akwai ma wani masanin tattalin arziki Joel Waldfogel da ya yi rubutu a 1993 a kan kyaututtukan Kirsimeti, ya ƙiyasta cewa tsakanin kashi 10 cikin 100 zuwa kashi ɗaya bisa uku na darajar kyauta asararsa ake yi, saboda mai bayarwa bai san abin da mai karɓa yake so ba. To ina ga abincin da aka zaɓa wa mutum arba'in lokaci guda. Ku dubi Filifin, tun 1975 doka ta wajabta albashin wata na 13, wato ƙarin albashin wata guda a shekara, Meziko ma dole ne a biya ma'aikaci ƙarin albashin aƙalla kwana 15 kafin 20 ga Disamba. Wannan shi ne godiyar da iyali za su gani a gida.

Hajiya_Mai_Ritaya:
Ɗana Sarkin_Aiki22 maganarka akwai gaskiya a ciki, ban musa ba, amma bari in faɗi abin da idona ya gani cikin shekara talatin da na yi ina aiki. Akwai wani dattijo mai gadinmu na dare, shekara tara yana wurin amma rabin ofis ba su san fuskarsa ba don sai mun tashi yake zuwa, da asuba kuma ya tafi. Wata shekara aka mai da fatin tsakar rana a cikin lokacin aiki, aka aika masa da kati da sunansa a jiki. Ya zo da rigarsa an goge ta tsaf, ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya katin ya kasa shigowa, sai shugabar wurin ta taso da kanta ta kama masa kujera a teburinta, ta ɗauki faranti ta zuba masa abinci da hannunta. Da aka zo jawabi ta ambaci daren da bututun ruwa ya fashe a saman ɗakin ajiyar takardu, shi kaɗai ya kwashe fayil-fayil har gari ya waye, mu da yawa ranar muka fara ji. Na ga bawan Allahn nan ya sunkuyar da kai yana share ido da bayan hannu. Da ambulan aka miƙa masa a ofishin kashiya zai ji daɗi, ƙwarai ma, amma mu ba za mu taɓa sanin wanda ya ceci aikinmu ba, kuma daga ranar kowa ya koma gaishe shi da sunansa.

Zumunci a ƙafa yake, ko a wurin aiki. Mutanen da ba sa haɗuwa sai ta imel in suka zauna teburi ɗaya sau ɗaya, watan Janairu za ki ga waya ɗaya ta warware abin da da sai an yi sati ana ja-in-ja. Sai dai 'yata, wannan ba ya samuwa a inda mutane ke jin an danne musu haƙƙi. In an riƙe ƙarin albashi sannan aka kama hol mai tsada, kowane cokali da suka kai baki lissafi suke yi. Kuma ki tuna da waɗanda ba sa bikin Kirsimeti da waɗanda ba sa shan giya, a ofishinmu mun fi rabi, shi ya sa muka koma kiransa walimar ƙarshen shekara, abokan aikinmu Kiristoci su yi adonsu da waƙoƙinsu mu taya su murna, ba a tilasta wa kowa komai ba.

Barista_AB:
Hajiya ta taɓo inda zan yi magana. Tsadar da ba a gani a takardar kasafi ita ce ta abin da kan biyo bayan an sha an yi tatul. Akwai shari'ar da aka yi a Ingila, wani kamfani ya yi fatin Kirsimeti a Disambar 2011, bayan an tashi wasu suka wuce otal suka ci gaba da sha, wajen ƙarfe uku na dare gardama ta kaure a kan aiki, shugaban kamfanin ya naushi wani manajansa ya faɗi ya bugu a kai, ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. Kotun farko ta ce ba ruwan kamfani, amma a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin ta ce kamfani ne zai ɗau alhaki, tunda da rigar shugabanci mutumin yake magana lokacin da ya kai hannu. Sannan tun Oktoban 2024 doka a Birtaniya ta ɗora wa masu kamfani nauyin ɗaukar matakin hana cin zarafin ma'aikata ta hanyar lalata tun kafin ya faru, kuma taron ofis yana ciki. Mata da yawa da ke ƙin zuwa fatin dare ba girman kai ba ne, wani abu suka taɓa gani. In za a yi, a sa lokacin tashi, a tanadi yadda kowa zai koma gida, a faɗi wanda za a kai wa ƙara in wani ya wuce gona da iri.

Ummu_Sakatariya:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri, Hajiya wallahi labarin dattijon nan ya sa ni ƙwalla. Yau da safe na shiga wurin oga da takarda biyu, ɗaya lissafin hol ɗaya na walimar rana a cikin ofis ranar aiki, wadda ba ta kai rabin kuɗin farko ba. Na ce masa ni dai ba zan iya karɓar ko sisi daga hannun mai shara da masinja ba, in karo-karon dole ne a ba wani aikin. Ya yi shiru yana kaɗa biro a tebur, can ya ce a soke karo-karon, a yi na ranar, za a tashi aiki da wuri. Maganar raba ragowar kuɗin kuma ya ce sai ya zauna da akanta, bai yi alkawari ba, ni ma ban saki ba zan sake tuna masa ranar Litinin. Yanzu abin da ya rage mini masu aikin dare ne mutum huɗu, biyu za su iya zuwa, biyun suna bakin aiki a rassa, Barista ko Hajiya in akwai yadda kuka taɓa yi da irin nasu dan Allah ku faɗa mini kafin in buga katin.