Ta yaya zan ƙiyasta yawan jama'a a bikin Argungu?

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawara. Ina ajin ƙarshe a jami'a, fannin shirya taruka da bukukuwa, kuma bincikena a kan bikin kamun kifi na Argungu ne, wanda UNESCO ta karrama a 2016.

Lissafin jama'a ne ya tsaya mini a rai. Malamina ya ce sai na kawo adadi kafin ya duba babin tsaro da ruwan sha. To, a kogin Matan Fada, inda ake kamun kifin, masunta dubbai ke rugawa ruwa lokaci guda da goruna da homa, 'yan kallo kuma ta ko'ina suke ɓullowa. Hoton da aka ɗauka daga sama zai wadatar? Don Allah wanda ya taɓa aiki da kwamitin bikin ya taimaka, lokaci ya ƙure mini.