Burodin soda na Ailan: wa ta taɓa gasa shi a gida?

Maman Ilham, Cork, ƙasar Ailan: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta koya min burodinsu da ba a sa wa yis. Kayan haɗi huɗu ne kacal: fulawa gram 450, gishiri ƙaramin cokali 1, bekin soda ƙaramin cokali 1, sai madara mai tsami da aka cire wa mai, kamar mililita 400. Tsamin madarar ne ke haɗuwa da sodar ya tayar da kwaɓin nan take, don haka da an kwaɓa sai gashi. Ranar farko na murza shi kamar na cincin, ya fito da tauri kamar dutse. Sai ta kama hannuna ta nuna min: yatsu a ware, a juya kawai har garin ya haɗe, ko minti ɗaya ba a cikawa. Ku ya kuka ƙare da shi?

Anti Hauwa, Zariya: Wa alaikumus salam. Ai madarar nan tsala ce, wadda ta rage bayan an kaɗe man shanu. Wajen mai nono nake saya. Kindirmo ma yana yi, sai dai a ɗan sirka shi da ruwa. Ni ba ni da oben, a tukunyar ƙarfe nake gasawa, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi.

Maman Ilham: Anti, wallahi haka kakannin mutanen Ailan suke yi tun ƙarni na 19, a tukunyar ƙarfe mai murfi, da garwashi a sama! Kin koma asalin abin.

Ummu Sadik, Belfast: Nan arewacin Ailan sukan faɗaɗa kwaɓin, su yanka huɗu, su gasa a kasko kamar gurasa. Ni soda ce ta ba ni wahala. Na cika cokali har da tozo, cikin burodin ya yi rawaya, ɗanɗanonsa kamar sabulu, yara suka ƙi ci. Yanzu shafe cokalin nake yi, in tankaɗe ta tare da fulawar.

Anti Hauwa: Nawa tsakiyar ce ba ta nuna sosai.

Maman Ilham: Ki tsaga samansa da wuƙa tsaye da kwance, tsagar ta yi zurfi, don zafi ya ratsa ciki. Ni a oben nakan ba shi minti 15 a digiri 230 na Celsius, sannan minti 30 a 200. In kin cire, ki ƙwanƙwasa ƙasansa. In ya yi amon ganga ya nuna. Ki naɗe shi a tsumma mai tsabta kada ɓawon ya yi tauri, kuma a cinye a ranar, don washegari sai an ɗumama shi a kasko.